Sycamine: ɓaure ne ko wata bishiya dabam?

Wani tsohon ɗalibina da yanzu yake aikin fassara ya kira ni bayan la'asar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, don Allah wata kalma ce ta tsaya mini a wuya. Sycamine. Ko dai kuskuren ɗab'i ne, sycamore ake nufi?" Na ce ba kuskure ba ne, kalma ce mai zaman kanta, ya buɗe ƙamus. Ya ce ai ya buɗe, ƙamus ya ce masa baƙar mulberry ce, shi kuwa ita mulberry ɗin ma bai taɓa sa ta a ido ba. "To Malam, me zan rubuta da Hausa?" Na ce ya bar ni zuwa gobe. Na ɗauka aikin minti goma ne, ashe sai da ya ci mini daren nan.

Ana furta ta sikamin, wasu kuma su ce sikamain. Ba za ka ji ta a bakin manomi a Ingila ba, ba za ka gan ta a allon mai sayar da dashe ba. Gidanta a Turanci ɗaya ne tak: Linjila ta hannun Luka, sura 17 aya 6, inda aka ruwaito Annabi Isa (AS) yana gaya wa almajiransa cewa da suna da bangaskiya ko da gwargwadon ƙwayar mastad ce, wadda Larabawa ke kira hardal, da za su umarci wannan bishiya ta tumɓuke ta je ta dasu a teku, ta kuma bi umarni. Luka da Girkanci ya yi rubutu, sunan da ya ba bishiyar shi ne sukaminos, kuma a duk Sabon Alkawari nan kaɗai kalmar ta fito.

Wanda ya shigo da ita Turanci shi ne William Tyndale, a fassararsa da aka buga a birnin Worms na Jamus a 1526. Waɗanda suka riga shi, wato mabiyan John Wycliffe a ƙarshen ƙarni na 14, daga Latin suka yi tasu fassarar, Latin kuwa morus ya ce, wato mulberry, sai suka bi shi. Tyndale ya koma ga Girkancin kai tsaye, da ya iso wannan kalma bai fassara ta ba, sai ya sa mata rigar Turanci kawai ya wuce. Fassarar Sarki James ta 1611 ta gaji kalmar daga gare shi, kuma da yake wannan fassara ce aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantawa a coci-cocin Ingila da Amurka, kalmar ta rayu ba tare da ta taɓa yin saiwa a bakin jama'a ba. Har fassarar Amurka ta 1946 ta riƙe ta. Yawancin na baya-bayan nan sun ajiye ta, sun rubuta mulberry.

Ita wannan mulberry baƙa, Morus nigra a sunan masana, asalinta yankin Farisa ne, can ana kiranta shahtut, tut ɗin sarki. Larabawa ma tut suke cewa. Bishiya ce gajeriya mai karkataccen gindi da faɗin ganye, 'ya'yanta ƙanana masu gudaji-gudaji, in sun nuna su yi ja har su koma baƙi, da zaƙi da ɗan tsami. Ruwansu yana rina hannu da riga kamar jini. Akwai ma labari a littafin Makabiyawa na farko cewa an nuna wa giwayen yaƙi ruwan inabi da na mulberry don a tunzura su, abin da ke nuna an san 'ya'yan itacen a yankin Sham tun ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa. (Sunan nan mulberry ma ya sha hanya. Asalinsa morum na Latin ne aka haɗa da berry, harafin r na farko ya rikiɗe ya zama l, kamar dai yadda mu ma wani ke cewa harshe wani halshe, wani garma wani galma.)

Abin da ya ba ni dariya a daren shi ne Sarki James ɗin da fassarar ke ɗauke da sunansa ya san mulberry sarai. Wajen 1609 ya matsa wa manyan ƙasarsa su dasa ta da yawa don Ingila ta kiwata tsutsar siliki ta daina dogaro da Faransa da Italiya, har ya sa aka yi lambunta na eka huɗu a wurin da fadar Buckingham take yanzu. Aka cika ƙasa da baƙar mulberry, alhali tsutsar ta fi son ganyen farar, sana'ar ba ta je ko'ina ba. Wato a daidai lokacin da malamansa ke rubuta sycamine a takarda, bishiyar da ake zaton ita ake nufi tana girma a Landan da wani suna. Kuma inda fassarar tasu ta rubuta mulberry ɓaro-ɓaro, a littafin Sama'ila na biyu sura 5, wurin da Annabi Dawuda ya jira ya ji motsi a saman itatuwa kafin ya afka wa Filistiyawa, kalmar Ibrananci ta wurin dabam ce, masu fassara na yanzu sun fi ɗaukarta a kan itacen balsam. Inda suka ce mulberry ba ita ba ce, inda ake zaton ita ce kuma ba su faɗa ba.

Da a nan zancen ya tsaya, da na ce wa yaron ya rubuta "wata bishiya mai suna mulberi" na kwanta. Amma ita sukaminos ɗin ba haifaffiyar Girka ba ce. Masana harshe sun fi rinjaya ga cewa aro ce daga harsunan gabashin Bahar Rum: da Ibrananci shikma, jam'inta shikmim. Har akwai tsohon gari a bakin teku kusa da Haifa da ake kira Shikmona, Girkawa suka mai da shi Sukaminon. Shikma kuwa ba gardama a kanta. Ita ce Ficus sycomorus, jummaiz a Larabci. Da Hausa, ɓaure.

Ɓauren da muka sani, na bakin fadama da gefen rafi, mai kaushin ganye da farin ruwa mai danƙo in ka tsinki ɗanye. Namu na Afirka ta Yamma ya fi fitar da 'ya'ya a ƙananan rassa kusa da ganye, na Masar da Falasɗinu kuwa a jikin gindi da manyan rassa yake zubo su cunkus-cunkus, amma masana tsirrai jinsi ɗaya suka lissafa su. Sau bakwai sunansa ya zo a Tsohon Alkawari. An ce a zamanin Annabi Sulemanu katakon al'ul ya yawaita a Urushalima kamar ɓauren gangaren ƙasar, wato shi ne abin misali wajen yawa da araha. Annabi Dawuda yana da jami'i na musamman mai kula da zaitun da ɓaure. Zabura ta 78 ta lissafa lalacewar ɓauren Masar cikin masifun da suka auka wa mutanen Fir'auna. Misirawan dā kuwa da katakonsa suke sassaƙa akwatunan gawa, wasu suna nan a gidajen tarihi har yau.

Da Yahudawan Iskandariya suka fara mai da littattafansu Girkanci, tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, kalmar da suka riƙa sa wa shikma ita ce sukaminos. Ga mai karanta wannan fassara, sukaminos ɓaure ne. Ga Bagirken Atina kuwa mulberry ce. Tiyofirastus, almajirin Aristotal wanda ya rubuta littafi kan tsirrai, ya san duka biyun, don haka da zai yi bayanin ɓaure sai ya kira shi sukaminos na Masar. Ya ce 'ya'yansa a jikin gindi suke fitowa, kuma ba sa nuna sai an karce su da wani farce na ƙarfe, in an karce su kwana huɗu sun nuna.

Nan ne na fi daɗewa, saboda ya warware mini wani abu da na sani tun ina yaro ban san dalilinsa ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa ɓare nunannen ɓaure da yatsa biyu. Waje ja-ja gwanin sha'awa, ciki kuwa 'yan mitsi-mitsin ƙwari suna motsi cikin 'ya'ya kamar gero. Ko ka hure su ka jefa baki, ko ka rufe ido ka tauna. Ba banza ba Bahaushe ya ce in ana cin ɓaure ba a tona cikinsa. To waɗannan ƙwari ba ɓarna suka zo yi ba. Ɓaure ba ya fure a waje, furanninsa a cikin ɗan suke, a rufe. Wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ke kutsawa ta 'yar ƙofar da ke ƙasan ɗan, ya yi ƙwai a ciki, ya kuma shigo da ƙurar fure daga wani ɓauren. Ba shi, ba iri. A Masar da Falasɗinu babu wannan ƙwaro, saboda mutane ne suka kai bishiyar can daga kudu tun zamanin dā, ƙwaron bai zauna ba. Shi ya sa ɓauren can ba ya yin ƙwayar da za ta tsiro, sai dai a sari reshe a dasa, yadda muke yi wa cediya da durumi a ƙofar gida. Karcewar da Tiyofirastus ya ambata dabara ce ta gaggauta nuna: raunin yana sa ɗan ya fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce dai mai sa ayaba da mangwaro su nuna da wuri in an rufe su wuri ɗaya. Annabi Amos, da wani firist ya ce ya bar garin ya je ya yi annabcinsa a wani wuri, amsar da ya bayar ita ce shi makiyayi ne kuma mai gyaran ɓaure. Yawancin masu sharhi sun ce wannan karcewa ce sana'ar tasa.

Saboda kalma ɗaya ta ɗauki bishiya biyu, Girkawa suka samar da ta biyu don ɓaure: sukomoros, haɗin sukon da moron, wato 'ya'ya irin na ɓaure, ganye irin na mulberry. Ita ce kakar sycamore. Luka ya yi amfani da wata sigarta, sukomorea, a sura 19, cikin labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajeren mutum da taro ya tare masa gani ya ruga gaba ya hau bishiya don ya ga Annabi Isa. Wannan kam ɓaure ne, kuma duk wanda ya san yadda rassan ɓaure ke buɗewa tun daga ƙasa ya san gajere zai hau shi ba wahala.

Ga tambayar ke nan: mutum ɗaya, littafi ɗaya, sura biyu ce kawai a tsakani, kalma biyu. Bishiya biyu yake nufi ko ɗaya?

Masu cewa biyu hujjarsu a fili take. Marubucin da ya san sukomorea bai da dalilin kiran ɓaure da wani suna a sura 17, kuma fassarar Latin tun ƙarni na huɗu ta bambanta su. Masu cewa ɗaya suna da nasu. Luka ya ƙoshi da Girkancin fassarar Iskandariya, salonta ya cika rubutunsa, a can kuwa sukaminos ɓaure ne. Maganar asali ta Annabi Isa ma ba da Girkanci aka yi ta ba, da harshen Aramiya aka yi, inda shikma ke nan daram. Sannan misalin kansa saiwa yake nema. Dokokin malaman Yahudawa da aka tattara a Mishna wajen shekara ta 200 sun ce a nisanta bishiya kamu 25 daga rijiyar maƙwabci, amma ɓaure da wata bishiya mai suna karub sai kamu 50, saboda yadda saiwarsu ke bazuwa. In kana son ka ba mutanen wannan ƙasa misalin abin da ba ya tumɓukuwa, ɓaure za ka nuna.

Masu fassara ma sun rabu, kuma rabuwar tasu tana da ban sha'awa. Martin Luther, a Jamusancinsa na 1522, ya mai da duka biyun mulberry, har Zakka ma ita ya hau. Fassarar Larabci da Cornelius Van Dyck ya kammala a Bairut a 1865 ta mai da duka biyun jummaiza. Bajamushe ya ga bishiyar da ya sani a lambunsa, mazaunin Sham ya ga wadda ke bakin hanyarsa. Tyndale kuwa ya ƙi zaɓa, ya bar sukaminos da sunanta, ya bar wa Turanci kalmar da ba ta nuna kowace bishiya a ƙasar Ingila.

Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da ɓaure, saboda batun saiwar da kuma harshen da aka yi maganar da shi. Amma wannan ra'ayi ne kan abin da aka nuna da yatsa a Falasɗinu. Ma'anar kalmar Turancin kuwa ƙamus ne ke yanke ta, kuma ƙamus baƙar mulberry ya ce. Abu biyu ne, gara a raba su.

Rashin raba su ne ya haifar da wani wa'azi da ya yaɗu a intanet. Da yake ayoyin da suka gabaci wannan suna magana kan yafe wa ɗan'uwa ko sau bakwai ya yi maka laifi a yini, sai masu wa'azin su ce an zaɓi sycamine ne don ta yi kama da riƙo a zuci: saiwarta na da zurfi, da katakonta ake akwatin gawa, sai ƙwaro ya harbe ta take haihuwa. Sannan su buɗe ƙamus su ce mulberry ce. To akwatin gawa da ƙwaro na ɓaure ne. Mulberry iska ce ke kai mata ƙurar fure, ba ta bukatar ƙwaro. Shi ma ƙwaron ɓauren ba harbi yake ba, shiga yake. Darasin yafiya yana nan da kyansa, bishiyar ce aka ɗinka daga guntaye biyu.

Sycamore ita ce ta fi zama tarko ga mai fassara, saboda ita tana raye, kullum tana cikin labarai. Ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14 da ma'anar ɓaure. Amma ɓaure ba ya jure sanyin Ingila. Zuwa ƙarshen ƙarni na 16 Turawan Ingila sun ɗora sunan a kan wata baƙuwar bishiya mai inuwa da aka kawo musu daga tsakiyar Turai, Acer pseudoplatanus, dangin bishiyar da ganyenta ke jikin tutar Kanada. Ba ta 'ya'yan ci, ƙwayarta fikafikai gare ta, in ta faɗo sai ta riƙa juyi kamar farfelar jirgi, katakonta kuma da shi ake bayan gogen Turawa. Ita ce wadda aka sare a daren 27 zuwa 28 ga Satumban 2023 a Sycamore Gap, gefen ganuwar da Sarkin Rum Hadiriyan ya gina a arewacin Ingila, abin da ya tayar da hankalin ƙasar, har kotu ta ɗaure mutum biyu shekara huɗu da wata uku kowanne a 2025. Wanda ya fassara wannan labari ya ce an sare ɓaure ya yi kuskure.

A Amurka kuma sunan ya sauka kan bishiya ta uku, Platanus occidentalis, ƙatuwa mai ɓawo dabbare-dabbare da ke saɓulewa, wadda suke kuma kira buttonwood. Yarjejeniyar da dillalai 24 suka sa wa hannu ranar 17 ga Mayun 1792, wadda ta zama tushen kasuwar hannayen jari ta New York, sunan wannan bishiya take ɗauke da shi. A Sikotland kuwa, ta Ingilan suke kira plane, sunan da a wasu wurare na dangin ta Amurkan ne. Don a rage rikici, masu rubutu kan tsirrai sukan rubuta ta ɓauren da o a tsakiya, sycomore, yadda fassarar 1611 ta yi, ko su ƙara mata fig a baya.

Ba abin yi wa Bature dariya ba ne. Mu ma namijin goro ba dangin goro ba ne, gwandar daji ba 'yar'uwar gwanda ba ce, dankalin Turawa da na Hausa kowa gidansa dabam. Mutum in ya ga baƙon tsiro, sunan wanda ya sani yake ara masa. Sai dai a wannan fanni Hausa ta fi Turanci wadata nesa ba kusa ba: ɓaure, durumi, cediya, gamji, duk gida ɗaya ne a wurin masana, kowanne muna da sunansa, Bature kuwa duk fig zai ce. Yaron da ya taɓa jifan ɓaure a bakin fadama ya fi ɗan Landan gane abin da Zakka ya hau.

Wajen amfani, sycamine ba ta da faɗi. Za ka ci karo da ita a tsohuwar fassarar Baibul, a wa'azi da sharhin da suka dogara da ita, a ƙamus, sai kuma wasannin haɗa kalmomi inda ake farautar irinta. In mulberry kake nufi a rubutunka na Turanci, ka ce mulberry. In ɓaure ne, ka ce sycamore fig. In ka ce sycamine a hira, ko Baturen ma sai ya tambaye ka me ka ce.

Washegari na kira ɗalibin nawa na tambaye shi a ina ya tsinci kalmar. Ya ce a wani rubutu ne na wa'azi da aka ba shi ya mayar Hausa, kuma marubucin ya yi ta maganar saiwa da akwatin gawa da ƙwaro. Na ce to ai marubucinka ɓaure yake siffantawa ko bai sani ba, rubuta ɓaure, ka sa ɗan bayani a ƙasa cewa ƙamus na Turanci mulberi yake cewa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Malam, wai ɓauren nan dai na bayan gidanmu?" Na ce shi.